Tayar da Ta Zaunar da Mu a Agege

Wata Alhamis ce cikin watan Zulƙida, shekarar da nake aji biyar a firamare, na dawo daga makaranta na tarar da Baba zaune kan benci a tsakar gidanmu na haya. Ya kife kekensa ƙafafu sama, ya cire wilin baya ya matse shi tsakanin gwiwoyinsa. Ba a daɗe da ɗauke ruwa ba, magudanar da ta ratsa tsakar gidan tana ta gudu da kumfar wanki, hayaƙin risho kuma na fitowa daga kowace ƙofa. A gefensa ƙanensa ne, Baffa Ilu, wanda ya rako shanu daga arewa a tirela, yana tsoma burodi a shayi yana kallon yayansa da tausayi. Baba na ta fama da wata sabuwar taya. Ta hau rim, wato ƙarfen wilin, ko'ina, sai ɗan wani yanki da bai wuce tsawon tafin hannu ba, ya miƙe ƙyam ya ƙi hawa. Hannunsa na dama, wanda ciwo ya taɓa a farkon daminar, sai zamewa yake yi kamar ba nasa ba. Ko jakar makaranta ban sauke ba na ji ya ce, "Ilu, ka zama shaida. In na sa tayar nan da hannuna kafin Babbar Sallah, muna nan. In ta gagare ni, mu bi ka gida." Baffa Ilu ya ce Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri. Inna ta amsa daga ɗaki, ni kuwa bakina ya ƙi cewa amin.

Baba mahauci ne, kuma ba ƙaramin mahauci ba. Yana da teburinsa a mayanka tun kafin a haife ni, kuma idan ana zancen fiɗa, wato raba fata da nama ba tare da an huda ta ba, mahauta kan ce a je a kalli hannun Malam Ɗanladi. Hannayen nan nasa kuwa abin kallo ne: faffaɗa, masu kauri, duk tabon wuƙa. Da su yake murɗe ƙashin da sai an sa wa gatari, da su kuma yake ɗaure mini igiyar takalmi idan na makara. Yana kira na Uwata, domin sunan mahaifiyarsa Rabi aka sa mini, kuma na ci moriyar sunan nan iya ci, don duk rashin jin da zan yi ba ya iya ɗaga mini murya. Inna kan ce shi ya lalata ni, shi kuma ya ce mutum ba ya faɗa da uwarsa.

Keken kuwa shi ne abin dariyar layinmu. Duk mahautan da ke kai nama gidajen abinci suna da manyan kekuna baƙaƙe masu tayoyi kamar cinyar sa, amma Baba ya je Obalende wajen wani maigadi ɗan garinsu ya dawo da keken tsere na gwanjo, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, tayoyinsa ba su fi yatsu biyu faɗi ba. Yaran layi suka raɗa masa suna Sauro. Baba bai damu ba. Ya sa maƙeri ya ɗaura wa keken kariya ta ɗaukar kaya a baya, kullum da safe ya ɗora bahon nama ya lulluɓe da farin buhu, ya ratsa tsakanin motocin danfo da baburan okada ya isa Ogba tun masu manyan kekuna ba su tsallake layin dogo ba. Matan da ke dafa abinci a can sun san shi da sammako, shi ya sa ba su taɓa canza shi ba. Illar Sauro ɗaya ce: titinmu duk ƙusa ne da fasassun kwalabe, tayarsa kuma ba ta da haƙuri. Ga shi idan an cire ta, mayar da ita yaƙi ne, don matse take kamar takalmin Sallar bara.

A zamanin lafiyarsa Baba bai san wata dabara ba sai ƙarfi. Zai kama tayar da manyan yatsunsa ya yi nishi ɗaya, ta so ko ta ƙi sai ta hau. Ranar da ta yi masa gardama, ya ɗauko ƙarfen da yake wasa wuƙa da shi ya ɓanɓare ta, sau da yawa kuma ƙarfen ya ciji tub ɗin iska da ke ciki, a gama buga famfo a ji tsiii, a koma gidan jiya. Akwai ranar da ya yi abin da mahauci ne kaɗai zai yi tunaninsa: ya yanko kitsen sa ya goge bakin tayar da shi har da gefen rim, ta kuwa shige sumul, ya dube mu yana murmushin nasara. Abin da ya manta shi ne, a gefen rim ɗin nan birki ke kamawa. Washegari a gangaren kasuwa ya matsa birki, birki ya ce bai san zancen ba, Baba da Sauro da bahon nama suka ƙare a cikin tiren wata mai lemo. Shekara da shekaru idan Inna na son ta kunna shi, sai ta tambaye shi ko a ajiye masa kitse.

Ciwon ya zo masa ne da rana tsaka a bakin teburinsa. Wuƙa ta faɗi daga hannunsa, bakinsa ya ɗan karkace, abokan sana'a suka kwashe shi zuwa asibiti. Allah Ya taƙaita: baki ya dawo daidai, ƙafa ta warware sai ɗan ja da ba kowa ke lura ba, amma hannun dama ya ƙi dawowa. Yana ɗaga shi, yana iya dafa abu da shi, sai dai yatsun ba sa damƙa. A al'adar mahautanmu, idan mai tebur ya kwanta ciwo ba a taɓa masa wurinsa. Yaransa na sana'a su ci gaba da yanka, a riƙa kawo wa iyalinsa abin cefane. Amma wannan rangwame yana da iyaka, iyakarsa kuma Babbar Sallah ce, lokacin da kowane tebur ke buƙatar mai shi a tsaye. Sarkin fawa da kansa ya zo gaishe shi ya faɗa masa haka cikin ladabi. Baffa Ilu kuwa tun zuwansa waƙarsa ɗaya ce: ga gona can a ƙasar Kazaure tana jira, ga dangi, me mutum zai zauna yi a Legas da hannu ɗaya. "Yaya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka," in ji shi. Daga wannan magana ce Baba ya ɗauko sabuwar tayar da ya saya tun kafin ciwon, ya mai da ita alƙali.

Ni kuwa duk duniya babu abin da nake tsoro kamar wannan gida da ake faɗa. A Agege aka yanke mini cibiya. Gidanmu dogon zaure ne mai ɗakuna suna kallon juna, Hausawa da Yarabawa da wani tela ɗan Nijar da ke kiran bokiti da wani suna da ke ba mu dariya. Da asuba mu yi layin banɗaki kowa da butarsa, daga nan ni da ƙawata Bose, 'yar maƙwabciyarmu mai sayar da wake da burodi, mu ɗauki jarkoki mu tafi famfon bayan masallaci, muna tafe muna faɗa a kan wadda za ta riga tarawa. Bayan makaranta in share ƙofar ɗaki, in wanke tukwanen Inna da toka, in ruga Islamiyya da allo a hammata. Da la'asar sakaliya mu zana gidajen wasan suwe a ƙasa da gawayi mu yi ta ɗingishi, ko mu yi tafa da buga ƙafa har tafin hannu ya yi ja, ni kuma na koya mata carafke da duwatsun da muke tsintowa a bakin layin dogo. Yarabanci a bakina kamar ruwa, har na fi iya zagi da shi. Sau ɗaya aka taɓa kai ni ƙauyen su Baba, yaran can suka kewaye ni suna cewa in sake magana su ji, wai Hausata ta ji manja. Na yi kuka na ce a mai da ni gida, kakata ta ce ai nan ne gida, na ce mata ƙarya ne. Kuma na san makarantar can tana da nisa, ba kowace yarinya ke kaiwa ƙarshenta ba, ni kuma a lokacin na ɗaura aniyar sai na zama malamar asibiti.

Saboda haka tayar nan ta zame mini abin dubawa safe da yamma. Baba ya kafa doka: ba mai taɓa ta. Kullum bayan ya karya kumallo zai fito da wilin ya zauna kan benci, ya kama da hagu, ya danna da dama, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ɗan yankin nan dai yana nan a miƙe. Ya gwada da cokalin Inna, cokali ya lanƙwashe. Ya gwada da ƙarfen wasa wuƙa, tub ya huje, ya sa sholisho ya yi faci, ya sake hujewa, har tub ɗin ya koma kamar rigar mahaukaci. Mutanen gida kowa da shawararsa. Maman Bose ta leƙo daga bakin murhunta ta ce, "Baba Rabi, sannu o, sa ruwan sabulu mana, abeg." Ya sa, tayar ta ƙara santsi, hannun da ba ya damƙa ya ƙara zamewa. Wata rana na kasa haƙuri na tsaya a gabansa na ce, "Baba, ga mai faci can bakin titi, ko minti biyar ba zai yi ba." Ya ɗago ya dube ni, idanunsa sun yi ja, ya ce, "Uwata, magana zarar bunu ce. Da hannuna na ce." Na shige ɗaki na ƙi cin tuwo, na ji haushinsa, na ji haushin Baffa Ilu, na ji haushin wanda ya ƙera keken tun daga ƙasarsu.

Da watan Sallah ya tsaya, raguna suka cika unguwa, ko'ina kukan tumaki da warin dusa. Inna ta fara haɗa kaya a hankali. Na ga ta sauke kwanukan da ke jere a kabad ta naɗe su da tsofaffin zannuwa, na ga ta ba maman Bose turminta ajiya, irin ajiyar da ba a dawowa karɓa. Ni da Bose muka daina faɗa a hanyar famfo, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Ranar da Bose ta miƙo mini ɗan kunnenta na roba ta ce in riƙa tunawa da ita, na zauna a bakin magudana na yi kuka mai sauti, ban damu da wanda ke kallo ba. Baba na kan bencinsa a lokacin, yana ji na.

Cikin satin nan aka yi suna a ɗakin tela, aka kira wani saurayin mahauci ya yanka rago a tsakar gida. Yaron sabon hannu ne. Da ya zo fiɗa fatar ta manne a wajen kafaɗa, ya kama ta yana fizga da ƙarfi har ragon na lilo a jikin igiya. Baba, wanda ya yi makonni ba ya sa baki a harkar kowa, ya kasa daurewa. "Kai, za ka yaga ta! Ba a jan fata a inda ta ƙi. Koma baya ka sassauto ta, ka kawo sakin nan wajen, da kanta za ta bi." Yaron ya koma ta baya ya cusa dunƙulen hannu yana saki kaɗan kaɗan, da ya iso kafaɗar sai fatar ta zame kamar riga. Mata suka yi shewa. Baba kuwa ya juya ya daɗe yana kallon wilin da ke jingine a bango. Na ɗauka zai tashi ya ɗauko shi, amma sai ya shige ɗaki. Washegari bai fito da shi ba, ranar da ta biyo baya ma haka. Sai dai ya zauna da carbi yana kallon ƙofar gida, idan Baffa Ilu ya zo su yi ta hirar gero da rijiyar bakin kasuwarsu da mutanen da suka mutu. Na tabbata a raina ya sallama, na fara raba wa ƙawayena duwatsun carafkena.

Ana jibi Sallah, da hantsi, ya fito da wilin. Wannan karon bai yi gaggawa ba. Ya cire tayar gaba ɗaya ya shanya ta a kan kwanon rufin kicin har ta yi ɗumi ta yi laushi. Ya wanke rim ɗin tas ya goge. Ya ɗauko sabon tub ya hura masa iska kaɗan da baki, ya ce Inna ta ara masa hodarta, ya barbaɗe shi da ita har ya yi fari, gidan duka na ƙamshin amarya. Ya sa gefe ɗaya na tayar, ya cusa tub ɗin a ciki yana bi da yatsa don kada ya naɗe. Sannan maimakon ya tafi wajen da take ƙi, sai ya fara daga can nesa, ɓangaren da ke fuskantar bawul, wato bakin da ake buga iska. A tsakiyar rim akwai wani ɗan kwari da ya fi gefe zurfi, wanda duk shekarun nan bai taɓa kula da shi ba. Ya riƙa matse leɓɓan tayar biyu da hagu yana tura su cikin kwarin, ya dafe da gindin tafin dama don kada su fito, ya tokare wilin da cikinsa, yana gangarowa ta nan yana gangarowa ta can, yana koro sakin gaba kamar mai tatsar hanji. Da ya iso wajen bawul, yankin da ya yi makonni a miƙe ya rage bai fi faɗin yatsu uku ba, kuma ya yi laƙwas. Ya ɗora gindin tafukansa biyu a kai ya murza gaba. Muka ji ɓas.

Bai ɗago ba. Ya bi tayar zagaye yana leƙa ko ta ciji tub, ya taka famfo da ƙafa ya buga da hagu har ta yi tauri, ya kai kunnensa ya saurara. Babu tsiii. Ni kuwa na riga na fice da gudu ina kwaɗa wa Bose kira, ina tsalle ina cewa ba za mu tafi ba, da Hausa da Yarabanci duka. Maman Bose ta ɗaga ludayi sama tana yi wa Allah godiya. Da na dawo ina haki, na tarar da Baba yana duban hannunsa na dama a kan gwiwa, Inna na tsaye a kansa. Na ji ya ce mata a hankali, "Ta shiga, amma ba hannun ne ya sa ta ba. Wannan ba zai ƙara riƙe wuƙa ba." Inna ta ce, "To yanzu fa, Malam?" Ya ce, "Na riga na faɗa. Kwance kayanki."

Da yammar nan ya je wajen sarkin fawa ya sallama teburinsa ga babban yaronsa. Ranar Sallah kuma, bayan an sauko idi an yi yanka, mutumin da ake zuwa kallon fiɗarsa ya fito da Sauro yana turawa da hannu, yana bi gida gida yana sayen fatun layya, aikin da a da yara yake aikawa su yi. Ya riƙa tara su a wani lungu bayan mayanka yana zuba musu gishiri, yana sayar wa dillalan fata. Wannan ta zama sana'arsa har ƙarshen rayuwarsa. Bai ƙara hawa keken ba, don yatsun ba sa iya matsa birki. Turawa kawai yake yi, fatu a kariya, ƙudaje na biye da shi. Tsofaffin abokansa su gaishe shi da girmamawa, ya amsa da fara'a, ya wuce. Ni dai a lokacin abin da na sani shi ne na koma makaranta, na karɓo duwatsuna, kuma turmin Inna ya dawo ƙofar ɗakinmu.

Sai bayan rasuwarsa, ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya, muna tsince shinkafar sadaka ni da Inna, na ce mata har yau ina mamakin kwanakin nan da Baba ya yi bai taɓa tayar ba, ga Sallah na matsowa. Inna ta ajiye faranti ta dube ni kamar na faɗi abin wauta. "Ke kina nufin ba ki sani ba? Tun ranar sunan tela ya gane yadda zai sa ta. Shi fa gida yake so, Rabi. Har ya sa Ilu ya aika an gyara masa rufin ɗaki a can. Da ya bar ta ta gagare shi, babu mai zarginsa, ya koma garinsu da mutuncinsa. Kwanakin nan shawara yake yi da zuciyarsa, kukanki kuma ya ƙi fita daga kunnensa." Na kasa ci gaba da tsintar, na tashi na fita waje, don ban taɓa jin ƙaunarsa da nauyinta a ƙirjina kamar ranar ba.

Yanzu ina aiki a wani asibiti a Ikorodu. Gidanmu na haya an rushe shi an jera shaguna, magudanar an rufe ta da siminti, Bose tana can wata jiha da 'ya'yanta muna gaisawa ta waya. Ranar Asabar da safe nakan ga masu keken tsere sun wuce a jere, da hulunan kwano da riguna masu ƙyalli, idan tayar ɗaya ta sace ya tsaya a gefen titi ya ciro 'yan robobin ɓanɓara daga aljihu, kafin in gama sayen burodi ya hau ya bi 'yan uwansa. Nakan tsaya in bi su da kallo fiye da yadda ya kamata. 'Ya'yana suna zuba Yarabanci da Hausa a jimla ɗaya, kuma idan aka tambaye su garinsu sai su ce Legas ba tare da tunani ba. Baba yana kwance a maƙabartar Agege, nesa da gonar da bai ƙara nomawa ba. Garin da nake kira gida, da nasa gidan ya saya mini shi.